Ciwon Kunnen da Babu Shi a Littafi

Su huɗu ne a gidan, idan aka haɗa da uban, wanda direban babbar mota ne, gidan ba ya ganinsa sai kamar baƙo. Akwai uwar, tela ce, ta mayar da ɗakin gaba shagon ɗinki. Akwai Auta, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Sai babbar, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda kowa yake kira Rediyo saboda daɗin muryarta in tana karatu. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sha ba, sutura kuwa ba a tambayar gidan tela. Abin da ya yi ƙaranci a gidan shi ne lokacin Mama. Tun safe ƙafarta na kan keke, idonta na kan allura, duk wanda zai yi mata magana sai dai ya yi wa ƙeyarta.

Littafin kuwa Gwaggo ce ta kawo shi, yayar uban, wadda take aiki a wani shagon buga takardu can ɗaya gefen gari. Fassara ce, labarin wata masaƙiyar darduma a ƙasar Afganistan, wadda mijinta ya fita wata safiya a lokacin yaƙi bai dawo ba, ya bar ta da 'ya ɗaya tilo. A bangon littafin akwai hoton yarinyar, ta yafa mayafi ya zame mata ta gefe guda, kunnenta ɗaya a waje, idanunta manya. Karatun Mama bai yi ƙarfi ba, ko da ma ya yi, hannu biyu gare ta kuma duka suna da aiki. Don haka aka ajiye wa Rediyo 'yar kujera a gefen keke. Idan ta dawo daga makaranta ta ci abinci, sai ta zauna, kunnenta na hagu yana wajen keken, ta ɗaga murya yadda za ta rinjayi ƙararsa.

Da farko su biyu ne. Sai Matar Kafinta ta zo karɓar riga, ta tsaya a bakin ƙofa don ta ji ƙarshen shafi, ba ta tafi ba sai da rana ta yi sanyi. Washegari ta dawo da Mai Kitso. Daga baya Hajiyar Kanti ta fara barin yaronta a kanti tana tsallako titi da kujerarta ta roba. Kafin a ce me, shagon ya zama majalisa, kuma duk wadda ta zauna jin labari sai ta tuna tana da yadi a gida wanda ya kamata a ɗinka.

Ranar da aka zo wurin da masaƙiyar ta ƙona ƙofar ɗakinta don ta ɗumama 'yarta a cikin dusar ƙanƙara, wani abu ya faru wanda Rediyo ba ta taɓa gani ba. Keken ya tsaya. Keken da ba ya tsayawa ko Auta ya faɗi ya fasa leɓe, ya tsaya cak. Mama ta ɗauki wani ƙyalle daga cikin ragowar yadi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Ta ce, “Allah sarki 'yata. Allah sarki 'yar nan tawa.”

Rediyo ta ɗago kai da sauri, don ta zaci da ita ake. Amma da Mama ta sauke ƙyallen, idonta yana kan bangon littafin.

A ranar Rediyo ta fara kallon yarinyar hoton da wani irin ido. Ita dai iya saninta ba ta tuna ranar da Mama ta ce mata 'yata ba. Ke ce, ko Rediyo, ko kuma cikakken “ke ba kya ji ne” in rai ya ɓaci. Ga wata can bayan duwatsu, ba ta taɓa ɗauraye wa Mama ko cokali ba, ba ta taɓa goyon Auta ba, ba ta taɓa tsince allura daga ƙasa ba, amma ta samu 'yata har sau biyu a numfashi ɗaya.

Ciwon kunnen Rediyo, na hagu, ya biyo bayan wata mura ne. Ya fara kamar ruwa ya shige ta wajen wanka, sai ya koma suka, kamar ana tura mata tsinke a hankali. Ta faɗa wa Mama da safe tana shirin makaranta. Mama ta ce sanyi ne, ta ɗaure kanta da kyau. Ta sake faɗa bayan kwana biyu. Mama ta ce ta ji, bari ta rage aikin da ke gabanta. A lokacin an ba ta ɗinkin kayan ɗalibai na wata sabuwar makaranta, tulin shuɗin yadi ya kai rabin bango, kuma mai makarantar yana aiko yaro kullum ya tambaya. Asibitin unguwa yana ƙarshen layinsu, ana hango rufinsa daga ƙofar shago. Amma Mama ta ce wanda ya shiga layin asibitin nan da safe, sai yamma zai ga gida, wuni guda kuwa riga nawa ke nan?

Da Rediyo ta faɗa karo na uku, a gaban matan ta faɗa, tana zaton ko kunya za ta taimake ta. Sun gama wani babi ke nan inda aka rufe makarantar 'yan mata, 'yar masaƙiya ta ɓoye allonta a ƙarƙashin darduma. Mama tana share ido ta juyo.

Ta ce, “Ke da bakinki kika karanta abin da yarinyar nan take ciki. Ba uba, ba makaranta, bama-bamai a ka. Kin taɓa jin ta ce wayyo? Ke ɗan kunne ya yi miki ƙaiƙayi, kin hana mutane sakat.”

Hajiyar Kanti ta ce yaran yanzu ai daɗi ne ya yi musu yawa, da za a kai su can su yi mako ɗaya da sun dawo suna gode wa Allah. Mai Kitso ta ce a ɗiga mata ɗan mai mai ɗumi a toshe da auduga, haka uwarta take yi musu. Matar Kafinta ta ce a dai ci gaba da karatu kafin maigidanta ya dawo ya tarar tukunya babu wuta. Aka ɗiga mai, aka toshe da auduga, aka ci gaba.

Daga nan 'yar masaƙiya ta zama ma'auni a gidan. In Rediyo ta bar abinci saboda tauna tana ja mata kunne, sai a ce waccan busasshen burodi take jiƙawa a ruwa. In ta yi jinkirin tashi da safe, sai a ce waccan tun duhu take ɗebo ruwa a cikin ƙanƙara. Rediyo ta tsani yarinyar kamar yadda ake tsanar 'yar ajin da malama take kafa misali da ita kullum. In ta gama karatu sai ta kife littafin, fuskar a ƙasa, ta ɗora almakashi a kai. Wata rana da babu kowa a shago ta ɗauki allura ta soka a kunnen nan da ya leƙo daga mayafi, ta juya ta a hankali, ta ce a ranta, ke ma ji. Hoton ya ci gaba da kallonta da manyan idanunsa, ko gezau.

Wata safiya ta farka ta ga matashin kanta ya ɓaci da wani ruwa rawaya, sukar kuma ta lafa. Ta kai wa Mama matashin. Mama ta duba ta ce to, madalla, ai ƙurji in ya fashe ya warke, da an tafi asibiti da an yi asarar wuni a banza. Ta ce a wanke rigar matashin kada ta yi tabo.

Bai warke ba. Ruwan ya ci gaba da zuba, yau kaɗan, gobe da yawa, har ya fara wari. Rediyo ta koyi canza audugar da kanta a bayan gida, ta ja ɗankwali ta rufe kunnen ta ɗaure tam. A makaranta yarinyar da suke zama tare ta matsa zuwa ƙarshen benci. Malamar ajinsu ta kira sunanta sau uku ba ta waiwayo ba, sai ta mayar da ita layin gaba, ta ce ta gaya wa iyayenta a kai ta a duba kunnen. Ta gaya wa Mama. Mama ta ce malamar ta zo ta zauna a kan keken, ita sai ta tafi asibitin.

A cikin wannan hali uban ya zo ya kwana biyu. Rediyo ta same shi a tsakar gida yana wanke ƙafa, ta durƙusa ta gaya masa. Ya kama haɓarta ya juya kanta wajen haske, ya leƙa, ya yamutsa fuska. Ya ce harkar yara ta uwa ce, shi bai san kanta ba, amma zai yi wa mamanta magana. Ya yi maganar kuwa, daga bakin ƙofar shago, yana saka takalmi. Mama ta ce da zarar ta miƙa kayan makarantar nan. Ya ce to shi ke nan, in ya dawo daga wannan tafiyar kuma bai sauka ba, da kansa zai kai ta. Ya ƙara da cewa shi ma kunnensa shekara da shekaru yana ƙugi saboda ƙarar inji, ga shi nan bai mutu ba. Ya ba ta alewa, ya tafi.

Karatun ma ya fara lalacewa. Da yake ba ta jin muryarta sosai, ba ta san iya inda take kaiwa ba. Wani lokaci sai ta yi ta ɗagawa har Auta ya farka, Mama ta ce a rage ƙarar rediyon nan, ba kasuwa ake ba. Wani lokaci ta yi ƙasa har Hajiyar Kanti ta ce ko batir ne ya yi sanyi. Matan su yi dariya. Ita ma takan yi murmushi, don ta ga bakunansu sun buɗe.

Dabarar ta zo mata ne wata rana ana tsakiyar babi. Ta lura ba mai duba shafin sai ita. Mama idonta na kan allura, Mai Kitso tana tsefe gashin 'yar wani, sauran sun zuba wa bango ido. Duk abin da ya fito daga bakinta, shi ne littafi. Sai ta ɗora yatsa a kan layi kamar mai bi, ta ce da muryar karatu:

“A daren nan 'yar masaƙiya ba ta yi barci ba, saboda kunnenta na hagu yana suka, kamar ana tura mata tsinke a hankali.”

Ba wanda ya lura. Sai ta ci gaba. Ta ba yarinyar duk abin da take da shi: ruwan rawaya a kan matashi, warin da yake sa a matsa daga kusa da ita, yadda tauna take ja har cikin ido, yadda muryoyin mutane suke zuwa kamar daga cikin rijiya. Ba ta taɓa yin karatu mai daɗin na ranar ba, don ba ta tuntuɓe a kan ko kalma ɗaya ba.

Keken ya tsaya. Mama ta dafe ƙirji ta ce wannan marubuciya ba ta da tausayi, duk abin da yarinyar nan ta sha bai isa ba sai an ƙara mata da kunne, kuma ciwon kunne ai ba a haɗa shi da komai, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Matar Kafinta ta ce ita ta san wani da ya kurmance ta haka. Hajiyar Kanti ta fyace hanci a gefen mayafi. Rediyo ta zauna tana jira, littafin a buɗe a cinyarta, kunnenta da ke ɗaure bai fi kamu ɗaya daga gwiwar hannun Mama ba. Mama ta share ido, ta gyara zaman yadi a ƙarƙashin allura.

Ta ce, “Ci gaba mana. Ya aka yi da kunnen?”

Rediyo ta ce babin ya ƙare.

Ta kwana tana tunani, ta ga laifinta ne, ba ta nuna hanya ba. Washegari sai ta gina abin da kyau. Ta sa wani ɗan kasuwa ya ba masaƙiyar aikin babbar darduma, yana aiko yaro kullum ya tambaya. Ta sa masaƙiyar ta dubi 'yarta da safe ta ga bayan kunnen ya kumbura. Ta sa ta ajiye zaren a tsakiyar saƙa, ta ce darduma ta jira, ta goya yarinyar duk da girmanta, ta bi ta shingen sojoji, ta bi ta kan gadar da ta karye, ta tsaya a layin likita tun safe har yamma ba ta zauna ba. Da ta zo wurin da masaƙiyar take cewa darduma ta jira, muryar Rediyo ta yi rawa, matan suka ɗauka iya karatu ne.

Ranar an yi kuka a shagon kamar an yi rasuwa. Matar Kafinta ta ce uwa ke nan, sauran duk masu haihuwa ne. Mai Kitso ta ce matan can Allah ya ba su zuciya irin ta zaki. Mama ta jima fuskarta a cikin ƙyalle, sannan ta ɗago.

Ta ce, “Wallahi da ni ce, haka zan yi. Wace darduma? Ai ɗa ya fi komai.”

Ta faɗi haka da gaskiyarta, ba ta san tana faɗin wani abu da za a riƙe ta da shi ba. Sannan ta duba agogo, ta ce kai, rana ta tafi, saura wando goma sha, ta taka keke.

Abin da Rediyo ta ji a lokacin ya fi sukar kunnen. Ciwonta ne, nata na kanta, abu ɗaya da take da shi wanda waccan ba ta da shi. Ta ba ta aro don ta roƙo mata, sai waccan ta karɓe ciwon, ta karɓe kukan, ta ƙara da likita, ita kuma aka bar ta da auduga. Ta yi tunanin ta kashe ta gobe, ta sa bam ya faɗo a kan gadar, a huta. Amma ta san in ta yi haka, Mama za ta yi makokin mako guda, kuma daga nan har abada ba mai kamo 'yar masaƙiya. Sai ta bar ta da rai.

Ita kuwa Rediyo, wajen bayan kunnenta ya kumbura da gaske, kamar yadda ta faɗa a labarin, har ya turo kunnen gaba. Zazzaɓi yana zuwa da yamma ya tafi da safe. Ta daina faɗa. Takan zauna a kujerarta, kanta a karkace, ta karanta abin da ke shafi kawai.

A haka Gwaggo ta zo wata ranar hutu, da yadi a jaka, ta tarar da majalisa ta cika. Aka gaisa, aka ba ta wuri. Ta tambaya ko littafin ya yi daɗi, Matar Kafinta ta ce daɗi ko azaba, ai hawayensu ya ƙare, musamman wurin kunnen nan.

Gwaggo ta ce, “Wane kunne?”

Suka shiga ba ta labari suna katse juna: matashin, kumburin, gadar da ta karye, darduma ta jira. Gwaggo ta saurara har suka gama. Ta ce ita sau biyu ta karanta littafin nan daga bango zuwa bango, kuma babu ciwon kunne a cikinsa, babu gada, babu likita. Ta miƙa hannu ta ɗauki littafin daga cinyar Rediyo tana juya shafuka.

Mai Kitso ce ta fara magana, ta ce ashe hawayen banza ta yi, har kanta ya yi ciwo ranar. Hajiyar Kanti ta ce yarinya ƙarama ta zaunar da manya tana yi musu wasa da hankali, wannan in ta girma sai Allah. Mama kuwa kunya ta rufe ta a gaban yayar mijinta da masu kawo mata ɗinki. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce, “Ƙarya kika yi mana? Kika sa iyayenki kuka a kan ƙarya? Me na rage ki da shi a gidan nan?”

Rediyo ta sunkuyar da kai. Gwaggo tana zaune ta hagunta, ta kira ta a hankali, ta ce ta gaya mata inda ta samo labarin. Yarinyar ba ta motsa ba. Ta sake kira. Shiru. Mama ta ce kin gani ko, Yaya, taurin kai ne ya same ta kwanan nan, sai a yi ta magana ta yi banza da mutane. Gwaggo ta rufe littafin, idonta ya sauka a kan bangon, a kan 'yar hudar allura da ke kunnen hoton. Ta dubi ɗankwalin yarinyar, yadda aka ja shi gefe guda aka ɗaure. Ta tashi ta zagayo ta damanta ta durƙusa.

Ta ce, “'Yata, bari in ga kanki.”

Da ta kwance ɗankwalin, audugar ta biyo shi. Warin ya cika ɗan shagon. Matar Kafinta ta kai mayafi hanci, sannan ta ji kunya ta sauke. Ba wanda ya sake maganar ƙarya.

Gwaggo ba ta tambayi kowa ba, ta kama hannun yarinyar suka fita. Mama ta biyo su a baya da zare manne a zaninta, ta bar Auta wurin Mai Kitso. Tafiyar ba ta kai a gaji ba. Babu shinge a hanya, babu gada. Layin ma da ma'aikaciyar jinya ta ga bayan kunnen, sai ta wuce da su gaba.

Likitan mutum ne mai sanyin magana. Ya duba ya daɗe yana dubawa, ya tambayi tun yaushe. Mama ta ce 'yan kwanaki ne. Ya dubi Rediyo, ita kuma ta ce tun kafin a kawo shuɗin yadi. Bai san shuɗin yadi ba, amma ya ce abin da yake gani ya fi wata biyu. Ya ce fatar cikin kunnen ta cinye, ciwon ya shiga ƙashin baya, sai an kwantar da ita a babban asibiti an yi aiki. Ya ce da a makon farko aka zo, maganin sha ne kawai. Game da ji kuwa, ya ce za a ceci yarinyar, amma kada a sa rai da wannan kunnen.

A barandar asibitin Mama ta yi ta magana, ba wanda ya tambaye ta. Ta ce yarinyar ba ta faɗa mata ya kai haka ba. Ta ce zurfin ciki gare ta kamar ubanta. Ta ce aikin nan ai don su take yi, ba don kanta ba, kuma shi uban da ya leƙa kunnen da idonsa me ya yi? Gwaggo ta bar ta ta gama.

Ta ce, “Ta faɗa miki da bakinta, ba ki ji ba. Ta ara bakin wata ta faɗa miki, kika yi kuka. Ni ma da na ajiye muku littafi na yi wata uku ban leƙo ba, ba zan wanke kaina ba. Amma kada ki ce ba ta faɗa ba.”

Da aka kira uban a waya, ya ce ai ya yi magana kafin ya tafi, a tambayi mamanta in bai yi ba.

An yi aikin, Rediyo ta yi kwanaki a asibiti, ta dawo gida da tabo a bayan kunne. Mama ta yi jinyarta da kyau, ba za a hana ta wannan ba. Ta kwana a kan tabarma a gefen gadonta, ta ba ta abinci a baki, har ta ce mata 'yata ba sau ɗaya ba. Kayan makarantar kuwa an miƙa su a makare, mai makarantar ya yi 'yar mita ya karɓa, duniya ba ta tashi ba.

Sannu a hankali shagon ya koma yadda yake. Littafin Gwaggo ta tafi da abinta, amma majalisa ba ta watse ba, don an samu sabon labari. Duk wadda ta kawo ɗinki, Mama sai ta ba ta labarin 'yarta mai haƙuri, wadda ta ɓoye ciwo don kada ta tayar wa uwarta da hankali, har ta saka shi a cikin littafi. Tana ba da shi da kyau, tana tsayawa a wuraren da ya kamata, kuma in ta zo wurin da aka kwance ɗankwali sai ta ɗauki ƙyalle ta rufe fuska. Matan su ce Allah sarki. Matar Kafinta ta ce wannan ya fi na Afganistan ban tausayi. Rediyo tana zaune a 'yar kujerarta tana cire ragowar zare daga riguna, kunnen da ya mutu yana wajensu. Abin da ta daɗe tana so ya samu, Mama tana kuka saboda ita, amma ta rasa dalilin da ya sa bai yi mata daɗi ba.

Wata yamma ana cikin wannan labarin, Auta ya shigo yana ƙananan kuka. Kwana biyu ke nan yana mura. Ya jingina da ƙafar Mama, yana jan kunnensa da hannu yana murza kai a zaninta. Mama ta shafa kansa ba tare da ta dube shi ba, ta ce haƙori ne, bari ta gama hannun rigar nan. Ta ci gaba da labari daga inda ta tsaya, idonta jawur.

Rediyo ta dubi ƙanenta, ta dubi hannun da ke kunnensa. Ta ajiye rigar da ke cinyarta, ta ɗauki zani, ta sunkuya ta goya shi. Mama ta tambayi ina za ta da shi, ta ce ƙarshen layi. Ba ta ji abin da aka amsa mata ba, don ta riga ta juya musu hagunta.

A hanya ta tuna 'yar masaƙiya, ta ga babu sauran haushinta a ranta. Yarinyar ba ta ƙwace mata komai ba. Abin da ta fi ta da shi ɗaya ne: ba ta taɓa ce wa Mama ta tashi daga kan keke ba. A ranar Rediyo ta gane cewa Mama tana iya yi wa kowane ciwo kuka, in dai ya yi nisa ko ya riga ya wuce, amma ciwon da yake tsaye a gabanta yana jira a kai shi asibiti, sai wani ya ɗauke shi ya kai.